Horar da Malaman Ingilishi a Magarya da Dungas: Ta Wane Harshe Za a Bi?

Kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Doka ta yi nata. Aikin kuwa yana wuyan malamin da zai tsaya gaban allo a kwalejin Wacha ko Malawa, a yankunan Magarya da Dungas, kuma hujjar wannan maƙala ita ce horon da ake ba shi bai dace da ajin da zai tarar ba.

A tsarin Nijar, ɗalibi yakan fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan shekara shida ta firamare da Faransanci. Malaminsa, ko ya fito daga babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko an ɗauke shi kwantiragi ba tare da dogon horo ba, ta Faransanci ya koyi nahawun Ingilishi, ta nan kuma yake bayyana shi. Yaron da bai gama riƙe harshe na biyu ba sai a ce ya taka shi ya hau na uku.

Alhali Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi a wurare da dama. Bahaushe yana bambanta "ina ci" da "nakan ci", kamar yadda Ingilishi ke raba aikin da ake cikin yi da wanda aka saba yi. Faransanci kuwa yakan haɗe su a siga guda. Malamin da aka nuna wa wannan zai gama darasin cikin minti goma. Haka batun furuci: rikicin "p" da "f", da saka wasali tsakanin baƙaƙe masu cunkoso, daga Hausa suka taso, kuma sai wanda ya nazarci sautukanta zai iya gyara su.

Za a ce yaran nan sun riga sun ji Ingilishi, tunda naira na yawo a hannunsu, iyayensu kuma na cin kasuwar Maigatari da ke ƙetaren iyaka kowace Alhamis. Wannan zance yana da rauni. Da Hausa ake ciniki a Maigatari. Abin da ke tsallako iyaka kalmomi ne tsiraru, ba jimla ba, kuma ba su isa jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ba. Amfanin iyakar yana wani wuri: Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel ta fi kusa da Dungas nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Yamai, kuma malamanta sun daɗe suna fama da ɗalibai Hausawa.

Koyarwa da Hausa ba baƙuwa ba ce a Damagaram, inda makarantar gwaji ta farko ta buɗe a 1973. Abin da ya rage wa Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sufetocin yankin shi ne su sa kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi cikin manhajar horo, su kuma tura masu koyon aikin su yi gwajin koyarwa a kwalejojin karkara, ba a birnin Damagaram kaɗai ba.