Tarihin rikicin Cree da Blackfoot da Turawa a yammacin Kanada

Kafin zuwan Turawa masu neman ƙasar noma, shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa na yammacin Kanada, inda lardunan Alberta da Saskatchewan suke a yanzu, suna hannun 'yan asalin ƙasar ne.

Manya daga cikinsu su ne al'ummar Cree da ƙawancen Blackfoot, wanda ya ƙunshi ƙabilun Siksika da Kainai da Piikani.

Rayuwarsu duka ta dogara ne kan ɓaunar Amurka: namanta abinci, fatarta sutura da tanti. Ƙarewar wannan dabba ce ta tsananta gabar da ke tsakaninsu, kuma ita ce ta karya lagonsu a gaban Turawa.

Yaƙin Kogin Belly

Yayin da ɓauna ke raguwa a gabas saboda farautar da ta wuce kima, mafarautan Cree suka riƙa kutsawa yamma cikin ƙasar Blackfoot.

A shekarun 1869 da 1870 cutar agana ta yi wa Blackfoot mummunar ɓarna. A watan Janairun 1870 kuma, sojojin Amurka suka kashe kimanin mutanen Piikani 200 a bakin kogin Marias da ke Montana, galibinsu mata da yara da tsofaffi.

Ganin abokan gaba sun yi rauni, sai ɗaruruwan mayaƙan Cree da ƙawayensu Assiniboine suka kai hari kan wani sansanin Kainai a watan Oktoban 1870, kusa da birnin Lethbridge na yau.

Amma reshe ya juye da mujiya. Mayaƙan Piikani da ke kusa suka kawo ɗauki da bindigogi masu aman harsashi a jere. An ƙiyasta cewa Cree sun rasa mutum 200 zuwa 300.

Wannan shi ne babban yaƙi na ƙarshe tsakanin al'ummomin biyu. A 1871 suka yi sulhu, daga bisani kuma shugaban Siksika, Crowfoot, ya ɗauki wani matashin Cree mai suna Poundmaker a matsayin ɗansa.

Yarjejeniyoyi da yunwa

A 1870 Kanada ta karɓi yankin daga kamfanin Hudson's Bay, bayan ta biya shi fam 300,000, ba tare da an tuntuɓi masu ƙasar ba.

Kisan da wasu mafarautan kyarkeci suka yi wa 'yan Assiniboine fiye da 20 a tsaunukan Cypress a 1873 ya hanzarta tura rundunar 'yan sandan dawaki zuwa yamma a 1874.

Yawancin shugabannin Cree sun sa hannu kan Yarjejeniya ta Shida a 1876, Blackfoot kuma kan ta Bakwai a 1877. Gwamnati ta yi alƙawarin keɓe musu filaye da ba su kuɗi duk shekara. Ta kuma yi wa Cree alƙawarin agaji idan yunwa ta auku.

Gwamnati ta ɗauka an sallama mata ƙasar ne, yayin da dattawan al'ummomin ke cewa amincewa suka yi a zauna tare. Har yanzu ana jayayya a kan wannan a kotunan Kanada.

Zuwa 1879 ɓauna ta kusan ƙarewa ƙaf. Hukumomi suka riƙa hana abincin agaji ga waɗanda suka ƙi komawa keɓaɓɓun filaye. Shugaban Cree, Big Bear, ya jure har zuwa 1882, kafin yunwar mutanensa ta tilasta masa sa hannu.

Boren 1885

A 1885 al'ummar Metis, waɗanda suka samo asali daga auratayyar Turawa da 'yan ƙasa, suka yi bore a ƙarƙashin Louis Riel.

A watan Afrilu wasu mayaƙan Cree suka kashe mutum tara a Frog Lake, duk da ƙoƙarin Big Bear na hana su.

A watan Mayu sojojin Kanar William Otter suka auka wa sansanin Poundmaker a Cut Knife, amma aka kora su. Poundmaker ya hana mayaƙansa bin sojojin da ke ja da baya.

Crowfoot ya ƙi shigar da Blackfoot cikin rikicin.

Bayan murƙushe boren, an rataye Riel a Regina a watan Nuwamba, aka kuma rataye 'yan asalin ƙasa takwas a Battleford. An yanke wa Poundmaker da Big Bear ɗaurin shekaru uku-uku.

An saki Poundmaker saboda rashin lafiya, ya rasu a 1886 yayin wata ziyara ga Crowfoot. Big Bear ya rasu a 1888.

A watan Mayun 2019, Firayim Ministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya wanke Poundmaker daga laifin cin amanar ƙasa, ya kuma nemi afuwar al'ummarsa, shekaru 134 bayan yanke masa hukunci.