Yawan Ƙarfe a Laka da Abin da ke Shiga Jikin Kifi

Akasarin binciken da ake yi kan lakar kogunan Kano, musamman Challawa da Jakara inda ruwan masana'antu da majemu ke kwarara, tambaya ɗaya yake amsawa: nawa ne adadin dalma ko kuromiyam a cikin kilo guda na laka? Hanyar sananniya ce. A busar da lakar, a tankaɗe ta, a narkar da ita cikin haɗin asid mai ƙarfi, sannan na'ura ta auna. Lissafin Müller na 1969 kuwa yana kwatanta sakamakon da abin da ƙasar wurin ta ƙunsa tun asali.

Matsalar ita ce asid ɗin ɗakin gwaji yana fizgo har ƙarfen da cikin tarwaɗa ba zai taɓa narkarwa ba. Wannan ne ya sa a 1979 Tessier da abokan aikinsa suka fito da hanyar tatsa mataki-mataki, wadda ta kasa ƙarfen gida biyar: wanda ke maƙale sama-sama, wanda ke cikin kabonet, wanda ke riƙe a tsatsar ƙarfe da manganis, wanda ke tare da ruɓaɓɓun halittu, sai wanda ke kulle a ƙwayar dutse. Na farko shi ne ya fi saurin komawa ruwa. Na ƙarshe kusan ba ruwansa da kowa. Daga baya Turai ta taƙaita hanyar zuwa matakai uku, aka sa mata suna BCR. A 1994 kuma Davison da Zhang na Jami'ar Lancaster suka ƙirƙiro DGT, ɗan faifai da ake cusawa cikin laka ya tsotsi abin da ya narke kaɗai.

Inda na fi damuwa shi ne wajen ɗibar samfur. Baƙar lakar ƙasan kogi ba iska a cikinta, kuma sinadarin farar wuta da ke ciki yana ɗaure dalma da kadmiyam tamau. Da zarar ta sha iska, ɗaurin ya kwance. Mai bincike da ya shanya samfurinsa kafin tatsa ya riga ya sauya abin da yake son aunawa. Kogunanmu ma haka suke yi da kansu: da rani ruwa yana janyewa, laka ta bushe ta tsattsage, kuma a nan masu noman rani ke shuka latas da alayyafo. Awon damina kaɗai ba zai faɗi halin da ake ciki a watan Maris ba.

Saboda haka ina kira ga sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu da su riƙa ɗibar laka rani da damina, su adana ta a sanyi ba tare da iska ba, su kuma haɗa awonta da awon naman kifin da aka kamo a wurin.