Frankel (dokin tsere)

Frankel ingarman tsere ne da aka haifa a Ingila a 2008, a lokacin mallakin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Tsakanin 2010 da 2012 ya shiga tsere 14, duka ya lashe. Masu danganta wannan bajinta da jini suna da hujja: ubansa Galileo ne, uwarsa Kind 'yar Danehill, kuma ta ɓangarorin biyu tsatsonsa na komawa ga ingarma Northern Dancer. Sai dai ƙanensa Noble Mission, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sha kaye sau da dama. In aka ce bambancin horo ne, ai dukansu a hannun mai horar da dawaki Henry Cecil suka fara. Asali da horo sun taimaka, amma fifikon Frankel baiwa ce tasa shi kaɗai.