Gurbi na Goma: Yadda Lissafi Ya Kai Masana ga Kwak

A shekarun 1950 masana fiziya sun shiga ruɗani. Duk sabuwar na'urar gwara ƙwayoyin zarra da aka gina sai ta fito da baƙin ƙwayoyi, har suka kai gommai, babu wanda ya san abin da ya haɗa su. Ashe maganin yana kwance cikin lissafin ƙarni na 19. A lokacin ne Sophus Lie ya kafa nazarin rukunonin daidaito, Clebsch da Gordan na Jamus kuma suka share fagen dabarar ninka jeri biyu, sannan a warware sakamakon zuwa dangogin da ba sa ƙara rabuwa.

A 1961 Murray Gell-Mann da Yuval Ne'eman, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa rukunin SU(3) yana jera ƙwayoyin nan takwas-takwas. Akwai kuma wani dangi mai gurbi 10, amma 9 kaɗai aka sani. A taron CERN na 1962 Gell-Mann ya faɗi nauyi da cajin cikon na goman, ya raɗa masa suna Omega-minus. Da an neme shi an rasa, da tsarin duka ya rushe. A 1964 aka ga sawunsa a Brookhaven ta Amurka, bayan an duba hotuna kimanin 100,000.

Saura tambaya guda: me ya sa dangogin suke zuwa 1, 8 da 10, alhali lissafin bai hana 3, 6 ko 27 ba? A shekarar ce Gell-Mann da George Zweig suka amsa cewa ƙwayoyin an gina su ne da wasu ƙanana iri 3, waɗanda Gell-Mann ya kira kwak. Idan kwak ya haɗu da kishiyarsa, haɗi 9 ake samu, su rabu 8 da 1: mesan ke nan. Idan kwak uku ne, biyun farko su ba da 6 da 3. Na ukun ya ninka 6 a sami 10 da 8, ya ninka 3 a sami 8 da 1, jimilla 27. Furoton da nutron suna cikin 8, Omega yana cikin 10.

Amsar ta zo da sharaɗi mai wuyar haɗiya: dole cajin kwak ya zama 2/3 ko -1/3, abin da ba a taɓa aunawa ba. Da yawa suka ɗauke shi dabarar alƙalami kawai, sai da gwaje-gwajen Stanford daga 1968 suka nuna akwai ƙananan abubuwa cikin furoton. Har yau ba a kama kwak shi kaɗai ba.