NNS Karaduwa

NNS Karaduwa jirgin sintiri ne na Rundunar Sojan Ruwan Nijeriya, mai tsawon kusan mita 39. Injiniyoyin rundunar ne suka ƙera shi a ma'aikatar jiragen ruwanta da ke Victoria Island, Legas. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Disamban 2016. Sunansa na kogin Karaduwa ne da ke Jihar Katsina.

Shi ne na biyu a jerin jiragen tsaron gaɓar teku ƙirar gida. NNS Andoni ya riga shi a 2012, NNS Oji ya biyo baya a 2021.

Aikinsa farautar 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai a Mashigin Gini.