Shin iskar oksijin mai matsi na warkar da gyambon ƙafa na masu ciwon suga?

Ga mai ciwon suga, ɗan ƙaramin rauni a ƙafa kan rikiɗe ya zama gyambon da ke kaiwa ga yanke ƙafar. Ciwon yana lalata jijiyoyin ji, ta yadda mutum ba ya sanin ya ji rauni, sannan yana toshe hanyoyin jini, sai naman wurin ya rasa oksijin ɗin da zai warke da shi.

Yadda ake yin jinyar

Ana shigar da majinyaci wani rufaffen ɗaki na musamman, a ɗaga matsin iskar ciki zuwa ninki biyu ko biyu da rabi na wadda muka saba shaƙa, sannan ya shaƙi oksijin zalla na kimanin minti 90. Matsin kan sa oksijin ya narke cikin ruwan jini, ya isa inda jini ke wahalar kaiwa. Yawanci ana yin zama 30 zuwa 40.

Me bincike ya nuna?

Wani bincike da aka wallafa a 2010 daga birnin Lund na ƙasar Siwidin ya gano gyambon kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar ya warke cikin shekara guda, a ɗaya rukunin kuwa kashi 29. Sai dai binciken DAMO2CLES na ƙasar Holan a 2018 bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba.

Matsayin Birtaniya

Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya, wadda ke da ofis a Manchester, ta ce a ƙa'idarta ta 2015 kada a ba masu wannan gyambo jinyar sai a ƙarƙashin binciken likitoci. Don haka mazaunin Old Trafford ko Birmingham da ya je cibiya mai zaman kanta, daga aljihunsa zai biya, kuma ba tabbas ne ƙafar ta tsira ba. Jinyar kan haddasa ciwon kunne, da raunin gani na ɗan lokaci, da faɗuwar sukarin jini.

Abin da NICE ta fi jaddadawa shi ne a tura mai gyambo ga tawagar kula da ƙafa cikin ranar aiki guda, domin a wanke raunin, a sauke masa nauyi, a magance ƙwayoyin cuta, a kuma duba hanyoyin jini.