Dabarar Shan Kwana a Zaune a Kan Babur a Hanyar da Ba Kwalta: Nazari ta Fuskar Rabon Nauyi da Riƙon Taya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda mahayin babur ke shan kwana yana zaune a kan sirdi a hanyar da ba kwalta, kamar burji da rairayi da laka. An ɗauki ƙa'idojin da masu tseren motokuros da enduro ke bi, aka auna su da ma'aunin kimiyyar motsi, domin a rarrabe waɗanda ke da tushe da waɗanda al'ada ce kawai ta ɗore da su. Nazarin ya gano cewa riƙon da taya ke samu a ƙasa mai sako-sako ɗan kaɗan ne, kuma duk wani motsi na jiki a cikin kwana hanya ce ta tattalin wannan ɗan riƙo. An kuma duba abin da masu acaɓa a hanyoyin karkara za su iya ɗauka daga dabarar, da abin da ya kamata su bari.

Muhimman kalmomi: babur, kwana, riƙon taya, cibiyar nauyi, totur, kunya, kwari.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya saba da tuƙi a kwalta, ranar da ya fara shiga burji da gudu, kwana ce ke fara ba shi kunya. Ya kwanta tare da babur kamar yadda ya saba, sai tayar gaba ta zame, kafin ya ankara kafaɗarsa ta sha ƙasa. Ba rashin ƙwarewa ne ya kayar da shi ba. Ƙwarewar wani wuri ce ya kai inda ba ta aiki. A kwalta taya na manne wa abu mai tauri da ba ya motsi. A burji kuwa tana takawa ne a kan tsakuwa da ƙura da ke birgima a ƙarƙashinta.

Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Me ya sa mahayi ke zama a kwana alhali sauran tafiyarsa a tsaye yake yin ta? Me ya sa yake matsawa gaba har kusa da tanki? Kuma mene ne aikin ƙafar da yake miƙewa?

2.0 Waiwaye

Tseren babur a daji ya samo asali ne daga Birtaniya. A 1913 aka fara gasar kwanaki shida a Kalayil, wadda ta zama uwar enduro, sannan a 1924 aka yi tseren da ake ɗauka a matsayin mafarin motokuros a Kambali, cikin yankin Sari. Hukumar wasan babur ta duniya, FIM, wadda aka kafa a 1904, ta ɗaga motokuros zuwa gasar duniya a 1957. Yankinmu ma ya ga irin wannan tuƙi: tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a watan Disamba 1978, ya ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500.

Baburan wannan fage suna da siffa tasu. Tayar gaba inci 21 ce, ta baya inci 18 ko 19, duka masu manyan haƙora, kuma ba a cika musu iska sosai. Shokozobansu na iya nutsewa kimanin santimita 30. Sirdinsu dogo ne, siriri, shimfiɗaɗɗe har kan tanki. Ba don ado aka yi shi haka ba: an yi shi ne domin mahayi ya riƙa zamewa gaba da baya ba tare da wani abu ya tare shi ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar lissafi ne. An ƙaddara babur mai nauyin kilo 105, da mahayi mai kilo 75, da tazarar mita 1.48 tsakanin tsakiyar tayoyin biyu, da cibiyar nauyi mai tsayin mita 0.7 daga ƙasa. An ƙaddara kwana wadda rabin faɗin da'irarta mita 10 ne. Ma'aunin riƙo, wanda ake rubutawa da alamar μ, an sa shi 0.9 ga busasshiyar kwalta, 0.4 ga burji mai ƙura. Waɗannan lambobi na misali ne, an zaɓe su ne don su yi kusa da abin da ake gani a irin waɗannan babura.

4.0 Riƙon Taya da Iyakarsa

Iyakar gudun da babur zai iya shan shimfiɗaɗɗiyar kwana da shi yana fitowa ne daga v² = μgr, inda v ke nufin gudu, g ƙarfin jan ƙasa, r kuma rabin faɗin da'irar kwanar. Idan aka sa lambobin da ke sama, kwalta za ta ba da kimanin kilomita 34 a awa, burji kuwa kilomita 22 da rabi. Kusurwar kwanciya, wato θ, ma haka: tun da tan θ = v²/rg, a kwalta ana iya kwantawa har digiri 42, a burji kuwa digiri 22 ne iyaka. Wanda ya kai kwanciyar kwalta cikin burji ya nemi fiye da ninkin abin da ƙasa za ta iya ba shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ake jingina wa injiniyan Jamus Wunibald Kamm, wato da'irar riƙo. Taya ba ta da riƙo biyu, ɗaya na birki ɗaya na kwana. Tukunya ɗaya ce kowa ke ɗiba a ciki. Idan riƙon duka 0.4 ne, mahayi ya kashe 0.3 a birki, abin da ya rage wa kwana 0.26 ne kawai, wato ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku. Daga nan ne ƙa'idar farko ta fito: a gama birki mai ƙarfi tun babur yana miƙe, kafin a fara kwantar da shi.

5.0 Matakan Shan Kwana a Zaune

5.1 Daga tsayuwa zuwa zama

Mahayi na tunkarar kwana a tsaye a kan matakai, gwiwoyi a lanƙwashe suna matse da babur, ƙugu a baya, domin wurin birki yawanci cike yake da gargada, kuma ƙafafu su ne shokozoba na biyu. Da ya saki birki sai ya zauna, zama ɗaya tak, kai tsaye a gaban sirdi. Wanda ya zauna a tsakiya sannan ya fara jan gindi gaba ya girgiza babur sau biyu a daidai lokacin da yake bukatar natsuwa. Zaman na sauko da cibiyar nauyi, yana kuma 'yantar da ƙafar ciki. Saboda haka ya fi dacewa da matsattsiyar kwana mai sumul. Kwana mai faɗi da gargada, wadda ake sha da gudu, a tsaye ake shan ta.

5.2 Matsawa gaba

An saba jin cewa matsawa gaba na ƙara wa tayar gaba riƙo. Maganar na bukatar gyara. Idan babur na zagaya kwana da gudun da ba ya canzawa, tayar da aka ƙara wa nauyi an kuma ƙara mata aiki daidai gwargwado, don haka ribar ba ta nan take ba. Ribar na bayyana ne sa'ad da aka murɗa totur. A misalinmu, ƙarin gudu na 0.2g yana kwashe kimanin kilo 17 daga tayar gaba ya mayar baya. Mahayin da ya matsa gaba da santimita 25 ya ɗora wa tayar gaba kimanin kilo 13 tun da wuri. Ma'ana, ya biya kashi uku cikin huɗu na bashin kafin totur ya ci shi.

Akwai ƙarin riba biyu. Nauyin na danna haƙoran taya su huda ƙurar sama su kai ga ƙasa mai tauri. Yana kuma nutsar da shokozoban gaba, wanda ke sa kan babur ya fi saurin juyawa. Dalilin fifita tayar gaba a bayyane yake: ta baya idan ta zame ana iya tarbo ta da totur, ta gaba kuwa idan ta tafi ba ta sallama.

5.3 Jiki da babur

A shimfiɗaɗɗiyar kwana, babur ake kwantarwa, jiki na nan a miƙe a samansa. A kwanar hagu, misali, za a ga mahayi ya ɗora gindinsa a kan gefen dama na sirdi, wanda yanzu shi ne ke sama. Gwiwar hannunsa ta dama a ɗage take kamar fiffike, hannun hagu ya kusa miƙewa yana tura kan babur ƙasa, haɓarsa na saitin tsakiyar kan babur, idonsa kuma ya riga ya bar kwanar yana kallon mafita. Kusurwar da lissafi ya bayar ta cibiyar nauyin mutum da babur ce a haɗe. Don haka idan jiki ya miƙe, dole babur ya ƙara kwanciya, sai haƙoran gefen taya su kama ƙasa. Kuma idan tayar ta zame, mahayi yana sama da babur, ba a ƙarƙashinsa ba, yana da halin gyarawa.

Ana kuma cewa a danna matakin waje da ƙarfi. Dannawar ba ta ƙara wa babur ko kilo ɗaya, domin mutum ba ya ƙara nauyi don ya taka da ƙarfi. Amfaninta shi ne ta kafe ƙugu, tare da gwiwar waje da ke dafe da gefen tanki, har hannaye su huta daga ɗaukar jiki su koma aikin tuƙi kaɗai.

5.4 Ƙafar ciki

Ƙafa ɗaya ta kai kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin mutum, wato kimanin kilo 12 a misalinmu. Ana miƙe ta gaba ne, wajen tsakiyar tayar gaba, gwiwa da ɗan lanƙwasa, yatsu na kallon sama da gaba, tafin na shawagi dab da ƙasa. Da haka ta ƙara nauyi a gaba, ta kauce wa matakin ciki da ke neman taɓa ƙasa, ta kuma zauna cikin shiri don dangwala ƙasa sau ɗaya idan babur ya zame. Ba sanda ba ce da za a dogara. Ƙafar da aka bari tana jan ƙasa a gefe, da ta saƙale sai ta yi baya ta murɗe gwiwa, kuma tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin sanannun raunukan wannan wasa. Da an fita kwana, a mayar da ita kan mataki.

5.5 Totur

A zaɓi giya tun kafin shiga, a riƙe kuloci da yatsa ɗaya ko biyu. Daga tsakiyar kwana a fara murɗa totur a hankali, ana ƙarawa gwargwadon yadda babur ke miƙewa. Fizga da saki duka ɓarna ne: fizga na kwashe riƙon tayar baya, saki kwatsam kuma na jefa nauyi gaba ba shiri.

6.0 Bambancin Kwanoni

Manomi ya san kunya da kwari, kuma a filin tsere tayoyi na yin irinsu. Ƙasar da ake watsawa waje tana taruwa ta zama kunya, inda ake yawan bi kuma ya rame ya zama kwari. Lissafi ya nuna darajarsu. Idan kunyar ta karkata da digiri 30, kwanar nan da burji ya iyakance ta a kilomita 22 da rabi za ta sha kimanin kilomita 40 a awa, ba tare da ma'aunin riƙo ya canza ba, domin yanzu taya jingina take yi da bango.

Wannan ya sauya zaman jiki. A kunya da kwari, mahayi na kwantawa tare da babur a layi ɗaya, yana zaune a tsakiyar faɗin sirdi, ƙafar ciki a ɗage sosai kada bakin kwarin ya kama ta. Wanda ya miƙe jiki a nan, tayar gaba za ta haura ta fice. A rairayi mai zurfi kuma ƙa'idar matsawa gaba na sassautawa: nauyi da yawa a gaba na binne taya ta lanƙwashe, don haka ana ɗan ja baya, a riƙe totur kada ya mutu.

7.0 Amfani ga Masu Tuƙin Karkara

Ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin ƙauyuka a jigawa, ko ɗan kabu-kabu a Nijar, kullum yana fama da wannan lissafi ko bai san sunansa ba. Sai dai baburinsa, irin su Bajaj Boxer, ƙananan tayoyi ne da shi masu zanen kwalta, shokozoba gajere, ga fasinja ko buhun hatsi a baya da ke sa gaba ta yi shafal. Abubuwa huɗu za su yi masa amfani kai tsaye: gama birki kafin kwana, matsawa kusa da tanki in ba a rairayi mai zurfi ba, kallon mafita, da murɗa totur a hankali. Kaya ma a matso da su gaba gwargwadon hali. Miƙe ƙafa kuwa ba nasa ba ne. Ɗan tsere na yin haka ne sanye da takalmi mai tauri har ƙwauri da kariyar gwiwa. Mai silifas da ya kwaikwaye shi, kututture ɗaya ya ishe shi. Gara ya rage gudu, ƙafafu biyu a kan matakai.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa zaman kwana ba hutu ba ne, aiki ne na rabon nauyi. Matsawa gaba na rama abin da totur zai kwashe, miƙewar jiki a kan kwantaccen babur na bai wa haƙoran gefe aiki tare da barin ƙofar gyara, ƙafar ciki kuma nauyi ce kafin ta zama madogara. An kuma ga cewa babu zama ɗaya da ya dace da kowace kwana: shimfiɗaɗɗen burji, kunya, kwari da rairayi kowanne da nasa. Saboda haka ana ba masu koyarwa shawara su fara da horar da ido a kan karanta ƙasa, sannan su bi da zaman jiki, a fili mai sarari, ana zagaya duwatsu biyu hagu da dama da gudu kaɗan har jiki ya saba.